Ƙarfe Huɗu da Rabi: Yadda Ake Riƙe 'Yan Kiɗan Makaranta Su Zo, Su Zauna, Su Koya

Duk malamin da shugaban makaranta ya taɓa miƙa wa makullin ɗakin ganguna ya san yadda abin yake tafiya. Farkon zango yara sittin za su rubuta suna, har da masu roƙon a taimaka a saka su. Kafin a ci mako uku saura goma sha biyar, su ma ɗai-ɗai suke shigowa, wannan ƙarfe huɗu, wancan biyar saura, mai babbar ganga kuwa sai an aika an kamo shi a filin ƙwallo. Ana saura kwana biyar bikin ranar yara na 27 ga Mayu sai kowa ya dawo, don an ji za a raba kaya a tafi filin wasa na Giginya. A yi ta hayaniya, a yi maci, a dawo a kulle ganguna sai Oktoba ta gabato.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan cikin garin Sakkwato, kuma ni ke riƙe da 'yan badujala da 'yan kiɗan gargajiya na makarantar. Mafi yawan dabarun da zan kawo a nan gani na yi a wurin wasu. Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Wuhan ta ƙasar Sin, 'yar wani abokin karatuna tana cikin ƙungiyar kiɗan gargajiya ta makarantarsu, nakan raka shi in zai ɗauko ta, mu zauna a bayan ɗaki muna jiran a tashi.

Ƙungiyar kashi huɗu ce. A gaba akwai masu goge, wanda suke kira arhu. Tsarkiya biyu gare shi, an rufe bakinsa da fatar mesa, izgar bakan kuma a tsakanin tsarkiyoyin take ratsawa. Sai masu kayan kaɗawa, irin su pipa mai tsarkiya huɗu, da yangcin, wani faffaɗan akwati mai wayoyi fiye da ɗari da ake bugawa da 'yan sandunan gora. Sai masu busa: sarewar gora da suke kira dizi, da shang mai bututu da yawa a haɗe, da sona, wadda duk Basakkwacen da ya ji ta zai waiga yana neman masu algaitar fada, don dangi ɗaya suke. A can baya kuma masu ganguna da faifan ƙarfe. Yara hamsin ko fiye, 'yan shekara sha uku, sha huɗu, amma da malama ta ɗaga sanda sai ɗaki ya yi tsit.

Na san abin da wani zai ce: su ai Sinawa ne, a jininsu abin yake. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Kayan kiɗan tsofaffi ne, amma da can a ƙananan rukunai ake kaɗa su, a gidan biki da gidan shayi, babu mai riƙe sanda a gaba. Haɗa su wuri ɗaya a babbar ƙungiya abu ne na ƙarni na 20. Ƙungiyar Datong da aka kafa a Shanghai a 1920 tana cikin waɗanda suka fara gwadawa, ƙungiyar gidan rediyon ƙasa da ke Beijing kuma, wadda aka kafa a 1953, ita ta daidaita tsarin kashi huɗun da makarantu ke bi yanzu. Ke nan mutane ne suka zauna suka tsara shi, kuma abin da aka tsara ana iya aro. Yaransu ma suna ƙiwa, suna son wasa. Na ga wanda ke ɓoye waya a bayan takardar kiɗa.

Rana da sa'a

Rabin makarar yara tun daga wurin sa lokaci take farawa. An tashi makaranta wajen ƙarfe biyu, yaro ya tafi gida Mabera ko Arkilla ko Gidan Igwai, ya yi Azahar, ya ci abinci, ƙarfe huɗu malamin Islamiyya na jiransa. In ka sa atisaye ranar Litinin da yamma ka haɗa kanka karo da Islamiyya, kuma ka san wanda uba zai goya wa baya. Ni ma in ɗana ne Islamiyya zan ce ya tafi. Alhamis da Juma'a su ne hutun makarantun allo da galibin Islamiyyu. Juma'a tana da tata hidimar, ana tashi da wuri, gari ya watse. Saura Alhamis bayan La'asar. Ka kama ta ta zama ranar babbar haɗuwa, kada ka bari wani abu ya ture ta. Haɗuwa ta biyu gajeriya ce, minti ashirin a cikin lokacin makaranta, a dogon hutun cin abinci ko a sa'ar ƙungiyoyi in makarantarku na da ita.

Kada ka ce wa yara "bayan La'asar" ka yi shiru, don bayan La'asar ɗin yana miƙewa har kiran Magariba. Ka ce huɗu da rabi. Kafin nan, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ba yaron da zai iya tsayuwa a fili da ganga a wuya, ko a ƙarƙashin dogon yaro ne.

Sannan lokaci biyu za ka sa. A Wuhan in an ce huɗu da rabi, ana nufin a wannan minti sanda za ta ɗaga. Dole kowa ya riga lokacin, saboda kafin a fara mai shang zai ba da murya ɗaya, kowa ya daidaita tsarkiyarsa da ita. Mai yangcin kuwa, da wayoyinsa fiye da ɗari, shi ke riga kowa zuwa. Mu ma muna da irin wannan aiki, ba mu dai ƙidaya shi ne. Sai an fito da ganguna, an ɗaure waɗanda suka saki, an duba tsarkiyar kalangu, an goge bakin bigila, da damina kuma sai an shanya fata ta ɗan sha rana kafin ta yi murya. Ka rubuta a allo, ka liƙa a ƙofa: buɗe ɗaki 4:15, bugun farko 4:30. Ka nemi izinin shugaban makaranta a yanko makulli na biyu a ba ɗalibi ɗaya amintacce, don ranar da taron malamai ya riƙe ka kada yara su tsaya a bakin ƙofa. Yaron da ya zo sau biyu ya tarar da ƙofa a kulle ya gama karanta ka.

Huɗu da rabi na yi ka fara, ko da yara huɗu ne a gabanka. Wannan shi ne mafi wuya, don kiɗan mutum huɗu ba daɗin ji, kuma zuciya za ta ce ka ƙara minti goma. In ka jira a cika, waɗanda suka zo da wuri ka hukunta, mako mai zuwa su ma za su ƙara minti goman. Kuma ka sa abu mafi daɗi a farko. Sabon kiɗa a cikin minti sha biyar na farko ake koyar da shi, ba a maimaita wa wanda ya makara, sai dai ya bi abokinsa ya roƙa daga baya. Malamai da yawa suna cinye farkon atisaye da kiran suna da faɗa, yaro kuwa yana da lissafi, ya san bai rasa komai ba in ya zo biyar.

Tashi ma haka. Shida saura kwata ka ajiye sanda ko ana tsakiyar daɗi. A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan shida, da damina tana kai bakwai, amma ka bar lokacin tashi ɗaya duk shekara don iyaye su san sa'ar da za su ga ɗansu. In akwai 'yan mata a ƙungiyar, malama mace ta zauna har a tashi. Yarinyar da ta shiga gida bayan Magariba sau ɗaya ba za ka sake ganinta ba, kuma uwarta na da gaskiya.

Kashi-kashi

Yaro ɗaya a cikin hamsin yana iya ɓacewa ba a sani ba. A cikin biyar, rashinsa kunne ma yana ji. Shi ya sa ƙungiyoyin Sin kowane kashi da shugabansa ɗalibi, kuma kowane kashi yana yin nasa gwajin daban kafin a haɗu gaba ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗan fada na ƙasar nan, masu taushi da masu kotso, kowa da matsayinsa, akwai ubangida, akwai masu kiɗa, akwai 'yan amshi, in ɗaya bai zo ba an san gurbin da ya buɗe.

Ka raba naka: babbar ganga da faifai, ƙananan ganguna, bigila, sarewa, kalangu, 'yan amshi. Kada kashi ya wuce mutum takwas. Wurin zaɓen shugaba ka ƙyale gwani, ka ƙyale firfet, ka ɗauki wanda ba ya fashi, ko da hannunsa bai kai na wasu ba. Aikinsa ya riƙe rajistar kashinsa, ya ƙirga kaya fita da shiga, washegari kuma ya tari wanda bai zo ba ya ce masa, "Mi ya hana ka zakkuwa jiya?" Wannan tambaya daga bakin ɗan ajinsu ta fi tawa aiki.

Rajista alama uku gare ta: ya zo a kan lokaci, ya makara, bai zo ba. Uzuri kuma kafin atisaye ake kawo shi. Wanda ya faɗa wa shugaban kashinsa da safe cewa yau za a aike shi, an karɓa, ba bincike. Wanda ya zo ranar Juma'a yana cewa "Malam, aikena anka yi," an ji, amma fashi aka rubuta.

Rajistar da ba ta jawo komai ɓarnar biro ce. A Singafo, inda makarantu da yawa ke da irin wannan ƙungiya ta kiɗan Sin, wajibi ne ɗan sakandare ya shiga ƙungiya ɗaya ta bayan aji, ana so halartarsa ta kai kashi 75 cikin ɗari a shekara kafin a lissafa masa, sakamakon kuma yana taimaka masa wurin neman makarantar gaba. Suna da bikin matasa na ƙasa tun 1967, inda makarantu ke fitowa gaban alƙalai. Mu ba mu da wannan, amma muna da yunifom da filin Giginya, kuma wallahi a idon ɗan JSS 2 sun fi kowane maki. Tun makon farko ka sanar, ka rubuta, ka liƙa: wanda bai halarci uku cikin kowane atisaye huɗu ba, ba zai sa kaya ranar fita ba. Ka roƙi shugaban makaranta a riƙa ba masu cikakkiyar halarta takardar shaida ranar raba kyaututtuka, a kira sunansu a gaban iyayensu.

Mai zuwa a makare

Ban yarda da bulala ko tsallen kwaɗo a nan ba. Hannun da aka zane ba ya riƙe sanda daidai, yaron da ke haki ba ya busa, kuma ka ɓata minti goma na masu zuwa da wuri kana wasan kwaikwayo da wanda ya makara. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ya tsaya a bakin ƙofa har a kai ƙarshen abin da ake kaɗawa, ya shigo shiru, ya tsaya a layin baya, in an tashi shi ke mayar da ganguna ɗaki. Ba wanda zai ce masa uffan.

Layin gaba kuwa ba gado ba ne. A ƙungiyoyin Sin kujerar da ta fi kusa da mai sanda da jarrabawa ake samunta, ana sauraren kowa shi kaɗai. Ka yi haka sau ɗaya a zango, ka haɗa da rajista, sai a sake jeri.

Kafin ka yanke wa yaro hukuncin ƙiwa ka binciki dalili. Wani shagon ubansa yake tsare, wani ruwa yake ɗebowa, wata talla aka ɗora mata. Wanda ke Kwannawa ko Kalambaina, in ya tafi gida ya dawo, kuɗin kabu-kabu ninki biyu ke nan a rana ɗaya, ba kowane gida ke iyawa ba. Irin waɗannan su zauna a makaranta ranar Alhamis, su yi Azahar da La'asar a masallacin makaranta, su yi aikin gida a aji ɗaya da ka ware musu. Amma fa sai da abin sa wa a baki. Ka kai maganar gaban ƙungiyar iyaye da malamai, jakar ruwa biyu da ƙosai ko awara ba za su gagara ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce gwani. Kowace ƙungiya na da shi, yaron da hannunsa ke magana, wanda ya san ba a fita sai da shi, don haka sai ya ga dama yake zuwa. Maganinsa tun kafin ya kangare ake haɗawa: kowane gurbi mai muhimmanci mutum biyu ke koyonsa, ko da na biyun yana tangal-tangal. Akwai wani yaro da muka yi, mai babbar ganga, rajistarsa duk fashi. Wata firamare a maƙwabta ta gayyace mu wasannin gidaje, na ce mataimakinsa zai riƙe ganga. Ya biyo ni har bakin ofis yana cewa, "Malam, wallahi wanga ba ya iyawa." Gaskiya ya faɗa, kiɗan ranar bai kai nasa ba. Amma duk ƙungiya ta ga an fita ba da shi ba kuma an dawo lafiya, shi ma ya gani. Ka zaɓi ƙaramin taro ka yi wannan, kada ka jira ranar da gwamna ke zaune.

Koyo a gida

A nan ne muka fi bambanta da su. Yarinyar Wuhan da arhu ɗinta take komawa gida, uwarta na tsaye a kanta. Namu kayan na makaranta ne, ba su isa kowa ba, kuma ba uban da zai yarda a shigo masa da ganga gida ana buga ta maƙwabta na ji. Duk da haka atisayen Alhamis kaɗai ba ya isa, abin da aka koya yau kafin wata Alhamis ya zube. Dole a nemo abin da yaro zai yi a gida ba tare da kayan kiɗa ba.

Abu na farko da na aro shi ne rubutun kiɗansu na lambobi, jiyanfu. Asalinsa daga Faransa ne, ya shiga Sin ta hanyar Jafan a farkon ƙarni na 20, suka riƙe shi har yau. Lamba 1 zuwa 7 su ne do, re, mi har zuwa ti. Sifili shiru ne. Ɗigo a saman lamba yana nufin murya ta hau sama, ɗigo a ƙasa ta sauka. Ɗan layi a gaban lamba yana ƙara mata bugu ɗaya, layi a ƙarƙashinta yana raba tsawonta biyu. Misali 5 5 3 1 | 5 - - 0: bugu huɗu, sai dogo mai bugu uku, sai shiru. Shi ke nan fa. Ba ya buƙatar takarda ta musamman, da alli ake rubuta shi a allo, yaro ya kwafe da biro a bayan littafinsa. A darasi ɗaya ɗan JSS 1 ke kama shi. Ga masu bigila abin ya fi sauƙi, don bigila ba ta da maɓalli, muryoyi biyar ake yawan busawa da ita, kuma lambobi uku ne kacal suke fitowa a ciki, 1 da 3 da 5, sai ɗigo ya bambanta na sama da na ƙasa. Mai sarewa yana iya zama da littafinsa da fensir a hannu yana ɗaga yatsu yana rerawa a hankali, ba wanda ya san me yake yi.

Masu ganga da baki za su fara. Makaɗan Sin suna haddace bugun ganga da faifai a baki kafin su taɓa sanda, kowane bugu da sautinsa. Mu kuwa ai mun riga su jin daɗin wannan, tun da kalangu magana yake yi, kowane take da kalmominsa. Ka ba kowane salon bugu jimlarsa ta Hausa. "Sak-kwa-to bir-nin She-hu" bugu bakwai ne, yaro zai tafi gida yana faɗa yana taɓa cinya. Wanda bakinsa bai iya ba, hannunsa ba zai iya ba, don haka kada ka ba shi sanda tukuna.

Sai abin bugawa. Ka je wurin mai faci ka karɓo tsohuwar robar taya, a yanka faɗin tafin hannu biyu, kafinta ya kafe ta a kan guntun katako. Da sanda biyu yaro zai yi ta bugu, sanda na dawowa kamar a kan fata, ƙarar kuma ba ta fita ɗaki. Masu bigila su sa hannu a littafi su tafi da bakin bigilar kawai a aljihu. Leɓe nama ne, in ya yi kwanaki bai yi aiki ba yana saki, shi ya sa bayan kowane hutu bigila ke kuka maimakon busa. Minti goma kullum da bakin nan ya wadatar.

Minti goman nan ka ɗaura shi a jikin wani abu da ba ya motsi a ranar yaro, kamar dawowa daga Islamiyya kafin Magariba. Kuma ka ba da aiki ƙayyadadde. "Ku je ku yi ta gwadawa" ba aiki ba ne. "Layi biyu na farko, har ku iya su ba duba littafi" shi ne aiki. Ka ɗauki muryar layin biyun a wayarka, ka tura a zauren WhatsApp na iyaye, waɗanda ba su ciki a tura musu ta wayar wa ko maƙwabci.

Kada ka tambayi yara ko sun yi, kowa zai ce ya yi. Kowace Alhamis ka zaro suna uku daga cikin hula, kowa ya kaɗa layin biyun shi kaɗai a gaban jama'a. Wanda ya iya a tafa masa. Wanda bai iya ba ka ce, "Mako mai zuwa da kai za mu fara," ka wuce. Kunyar minti ɗayan nan ta ishe shi, ba sai ka ƙara da baki ba.

A cikin atisayen kansa, ka daina kaɗa kiɗa daga farko zuwa ƙarshe sau biyar. Yara na son haka, don farkon sun iya, sai a yi ta jin daɗi ana tuntuɓe a wuri ɗaya kullum. Malamar Wuhan takan tsaya a kan layi ɗaya har ni da ke baya na gaji, ta sa masu dizi su kaɗai, ta sa masu arhu su kaɗai, sannan ta haɗa. Ka nemo inda ke karyewa ka zauna a kansa, a hankali. Maci yana tafiya kusan taku 120 a minti. Ka sauke manhajar ƙidayar bugu a waya, ka fara a 80, sai an yi sau uku a jere ba kuskure ka ƙara goma. Yara in sun ji daɗi gudu suke yi, mai babbar ganga ya ja kowa, masu maci su rikice. Ka ɗauki atisayen a waya ka kunna musu, da kansu za su nuna wanda ya fara gudun. Doka ɗaya kuma ba sassauci: in malam na magana sanduna a hammata, bigila a ƙasa.

Iyaye, kuɗi da kalanda

Duk abin da na faɗa zai rushe in uba bai yarda ba. A garin nan kiɗa yana tafe da sunan roƙo, kuma ba daidai ba ne ka yi kamar ba ka sani ba. Wani dattijo da na je gaishe shi a zaurensa ya ce mini, "Malam, ban kai ɗana boko don shi koma maroƙi ba." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowane uba, kuma a rubuce yake a takardar izinin da suke sa wa hannu: ba ma zuwa gidan biki, ba ma zuwa taron siyasa, ba a yi wa yaro liƙi, ba a taɓa lokacin salla ko na Islamiyya, in sakamakonsa ya faɗi kuma ni zan fara dakatar da shi. Ya yi shiru, ya ce a gwada zango ɗaya. Wasu ba za su yarda ba ko ka yi yaya. Ka yi godiya ka tashi, kada ka sa yaro ya riƙa zuwa a ɓoye.

In wani babba ya ba da kyauta a wurin taro, a ƙirga a gaban yara, a rubuta, a kai ofis. Kuɗin da ba a san inda suka shiga ba sun kashe ƙungiyoyi fiye da makara. Inda za su shiga ma a shirye yake, don hunturu na busar da fata ta tsage, kowace shekara sai an sake rufe wasu ganguna, ko da yake mu a ƙasar jar akuya ba ma neman fata da nisa.

Sai kalanda, wadda ya kamata ka zauna da ita tun makon farko na shekarar karatu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 27 ga Mayu a tsakiyar jarrabawar WAEC take faɗowa, NECO kuma na biye, 'yan JSS 3 su ma da tasu a zangon. Duk wanda ya dogara da 'yan SS 3 zai wayi gari ranar maci ba shi da kowa. Su miƙa ragama tun zango na biyu, kowane shugaban kashi ya zauna kusa da magajinsa yana gyara masa, sababbin ɗauka kuma daga JSS 1 da SS 1 za su fito. Azumi yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya duk shekara, ka duba inda zai faɗo, ka cire watan daga lissafi gaba ɗaya, ka ja shirin baya gwargwadon haka.

Tsakanin Oktoba da Mayu tafiya ce mai nisa ga yaro, in ba abin da yake hange a kusa zai sulale. Ka roƙi minti biyar a asambulin Litinin ta farkon kowane wata, kashi ɗaya ya fito gaban makaranta, wata mai zuwa wani kashin. Masu sarewa da kullum ganguna ke danne su, ranar tasu ce su kaɗai.

Ranar da za a ba da dogon hutu a ƙirga kaya a gaban shugabannin kashi, a sassauta ganguna, a ɗora su a kan benci don gara da laima, a rubuta sunan duk wanda ya tafi da bakin bigila. Kafin a kulle ɗaki ka sa kowane yaro ya rubuta kwanan watan Alhamis ta farko bayan dawowa a bangon littafinsa, da 4:15 a gefenta.